Wilhelm von Humboldt (1767-1835): Masanin Harshe Da Cutar Da Ya Ɗauka Tsufa Ce

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya ɗauki darasin kimiyyar harshe, da wuya a ce bai taɓa cin karo da sunan Wilhelm von Humboldt ba. Galibi sunan yakan zo ne a layi biyu ko uku, a babin da ake maganar dangantakar harshe da tunani, daga nan sai a wuce zuwa ga su Saussure da Sapir da Chomsky. A wannan maƙala ina so in kawo wa 'yan'uwana ɗalibai tarihin mutumin tun daga haihuwarsa har zuwa rasuwarsa, sannan in ɗan tsaya a kan shekaru bakwai na ƙarshen rayuwarsa.

Dalilin tsayawar shi ne, a waɗannan shekaru Humboldt ya kamu da ciwon da likitoci a yau suke kira cutar Parkinson. Ya zauna ya siffanta abin da yake ji a jikinsa dalla-dalla, kamar yadda ya saba siffanta nahawun harsuna, amma har ya koma ga Mahaliccinsa bai yarda cewa cuta ce ba, shi a wurinsa tsufa ne. Tarihinsa zai ba mu damar duba wata tambaya da ta shafi kowane gida mai tsoho: wanda yake da wannan cuta, me ke yin ajalinsa?

Haihuwarsa Da Tasowarsa

An haifi Wilhelm von Humboldt ranar 22 ga watan Yuni, 1767, a garin Potsdam na masarautar Purushiya, wadda yanzu take cikin ƙasar Jamus. Mahaifinsa hafsan soja ne kuma bafaden sarki, ya rasu a 1779 lokacin Wilhelm bai cika shekara 12 ba. Yana da ƙane mai suna Alexander, wanda aka haifa a 1769, shi ne ya shahara daga baya wajen yawon binciken ƙasa da tsirrai a Kudancin Amurka. Yaran biyu sun tashi a gidan gonar iyayensu da ke Tegel, kusa da birnin Berlin.

Wani abin mamaki shi ne, mutumin da daga baya ya tsara wa ƙasarsa makarantu bai taɓa zama a ajin firamare ko na sakandare ba. Malamai aka ɗauko suka riƙa koyar da su a gida. A nan ya koyi Latin da Girkanci da Faransanci. A 1787 ya shiga jami'ar Frankfurt da ke bakin kogin Oder, a 1788 kuma ya koma jami'ar Göttingen, inda ya karanci shari'a da falsafa da adabin Girkawa. A 1789 ya ziyarci birnin Paris, 'yan makonni bayan ɓarkewar juyin juya halin Faransa, ya ga abin da idonsa.

A 1791 ya auri Caroline von Dacheröden, mace mai ilimi da son zane-zane. Sun haifi 'ya'ya takwas, biyar daga ciki suka girma. Ya kamata mai karatu ya riƙe sunan wannan mata, domin rasuwarta tana da muhimmanci a ƙarshen labarin.

Aikin Gwamnati Da Kafa Jami'a

Gab da aurensa, Humboldt ya ajiye aikin shari'a da ya fara, ya duƙufa a kan karatu. A 1792 ya rubuta littafi a kan iyakar ikon da ya kamata gwamnati ta samu a kan talakawanta. Ba a buga littafin gaba ɗaya ba sai a 1851, bayan rasuwarsa, kuma ya yi tasiri a kan masanin falsafar nan na Ingila, John Stuart Mill. A 1794 ya koma garin Jena inda ya ƙulla abota da manyan marubutan Jamus guda biyu, Schiller da Goethe. Daga 1797 zuwa 1801 ya zauna a Paris da iyalinsa.

Daga 1802 zuwa 1808 ya zama wakilin Purushiya a fadar Fafaroma da ke birnin Rum. A can 'ya'yansa maza biyu suka rasu suna ƙanana, a can kuma aka binne su. Yana Rum ne sojojin Napoleon suka ragargaza Purushiya a 1806. Da ƙasar ta tashi farfaɗowa, sai aka kira shi gida a 1809 aka damƙa masa sashen ilimi. Bai wuce wata 16 a wannan kujera ba, amma a cikinsu ya sake fasalin makarantu, ya shigo da jarrabawar tantance malamai, ya kuma kafa jami'ar Berlin, wadda ta buɗe ƙofarta a 1810 da ɗalibai 256 da malamai 52. Manufarsa ita ce a haɗa koyarwa da bincike wuri ɗaya, malami da ɗalibi su kasance abokan neman sani. Wannan tsari ya bazu a duniya, kuma duk ɗalibin da aka ce ya rubuta kundin bincike kafin ya kammala digiri, yana cin gadon wannan tunani. Tun 1949 jami'ar take ɗauke da sunan Humboldt, don girmama wa da ƙanen. Mu ɗaliban Hausa muna da ɗan rabo a cikinta, domin a nan ne Heinrich Barth ya yi karatu, matafiyin da ya shiga Kano a 1851, ya iya Hausa, ya kuma tattara kalmominta.

Daga baya Humboldt ya zama jakada a Biyana, ya halarci babban taron Biyana na 1814 zuwa 1815, sannan ya zama jakada a Landan daga 1817 zuwa 1818. A 1819 an naɗa shi minista, amma da ya ƙi amincewa da dokokin da aka kafa don danne jaridu da jami'o'i, sai aka sallame shi a ƙarshen shekarar. Ya tattara ya koma Tegel yana da shekara 52.

Gudummawarsa Ga Kimiyyar Harshe

Sha'awarsa ga nazarin harsuna ta yi ƙarfi ne tun lokacin da ya ziyarci ƙasar Sifen a 1799, ya kuma koma yankin Basque a 1801. Harshen Basque ba shi da dangi a cikin harsunan Turai da ke kewaye da shi, kuma gininsa ya sha bamban da nasu. Wannan ya nuna wa Humboldt cewa ba daidai ba ne a ɗauki nahawun Latin a matsayin ma'aunin kowane harshe. Da ya bar aikin gwamnati sai ya ba nazarin harshe dukkan lokacinsa. Ya koyi Sanskirit, ya nazarci Sinanci, ya duba harsunan asalin mutanen Amurka ta amfani da littattafan nahawun da 'yan mishan suka rubuta da waɗanda ƙanensa ya kawo masa. A 1827 ya gabatar da maƙala a kan musanna, wato sigar suna mai nuna abu biyu, wadda take tsakanin tilo da jam'i, kamar yadda ake da ita a Larabci.

Babban aikinsa shi ne nazarin harshen Kawi, tsohon harshen adabi na tsibirin Java da ke Indonesiya ta yau. A cikinsa ya nuna dangantakar harsunan da suka taso daga Madagaska har zuwa tsibiran tekun Fasifik. Gabatarwar wannan aiki ita kaɗai littafi ce guda, kuma a cikinta ne ra'ayoyinsa da muke karantawa a aji suke. Na farko, harshe aiki ne da mai magana yake yi a kullum, ba kaya ne da aka gama haɗawa aka ajiye ba. Na biyu, da ƙididdigaggun sautuka da ƙa'idoji mutum yake gina jimlolin da ba su da iyaka, ra'ayin da Chomsky ya farfaɗo da shi a ƙarni na 20. Na uku, kowane harshe yana ɗauke da irin kallon da masu shi suke yi wa duniya.

Akwai inda ban bi shi ba, kuma masana na yau ma ba su bi shi ba. Ya ɗauka cewa harsuna irin su Sanskirit da Girkanci sun fi sauran dacewa da zurfin tunani saboda ƙirar kalmominsu. Wanda ya zauna ya koyi giredin aikatau na Hausa ya san cewa babu harshen da aka bari a baya wajen tsari.

Shigowar Ciwo

Labarin ciwonsa ya zo mana ne ta wasiƙunsa, musamman waɗanda ya riƙa aika wa wata mata mai suna Charlotte Diede, wadda ya haɗu da ita tun yana saurayi a 1788, suka kuma ci gaba da musayar wasiƙu daga 1814. An buga wasiƙun a 1847. Daga 1828, yana da shekara 61, ya fara ambaton canjin da yake gani a jikinsa. Matarsa Caroline ta rasu ranar 26 ga watan Maris, 1829, daga nan kuma abin ya riƙa ƙaruwa.

Ya bayyana cewa hannunsa yana karkarwa idan yana zaune ba ya yin komai da shi. Ya lura cewa rubutu ya zame masa wahala, kuma haruffansa suna ta ƙanƙancewa ba da son ransa ba. Ya ce ƙananan ayyuka masu bukatar saurin yatsu, irin su ɓalla maɓallin riga, sun koma masu cin lokaci, kuma ya bambanta wannan da rashin ƙarfi, domin ƙarfin yana nan, jeranta motsin ne ya gagara. Ya ambaci wata rawa da yake ji a cikin jiki wadda na waje ba ya gani, mai katse masa motsi. Ya kuma san cewa bayansa ya ranƙwafa. Wani ɗan mutum-mutumi da masassaƙi Friedrich Drake ya yi masa a 1834 ya nuna wannan ranƙwafawar a fili.

A 1995 wasu likitocin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, a ƙarƙashin Reinhard Horowski, suka nazarci waɗannan wasiƙu suka buga sakamakon a mujallar Neurology. Sun nuna cewa alamomin na cutar Parkinson ne, kuma Humboldt shi ne mutum na farko da ya siffanta ƙanƙancewar rubutu, alamar da likitoci suke dubawa har yau. A ganinsu, bayaninsa ya fi na likitan da cutar take ɗauke da sunansa cika.

Wannan likita shi ne James Parkinson, mutumin Landan, wanda ya buga ɗan littafinsa a kan cutar a 1817, shekarar da Humboldt ya isa birnin a matsayin jakada. Mutum shida Parkinson ya siffanta, uku daga cikinsu a kan titi ya gan su. Littafin bai samu karɓuwa sosai ba a lokacin, sai bayan shekara hamsin da wani abu ne likitan Faransa Jean-Martin Charcot ya ɗaga shi, ya kuma laƙaba wa cutar sunan Parkinson. Saboda haka a zamanin Humboldt cutar ba ta da sanannen suna a bakin mutane. Shi kuwa ya tsaya a kan cewa tsufa ne ya zo masa da gaggawa saboda baƙin cikin rashin matarsa. Ya je wankan ruwan ɗumi a Gastein da wankan teku a tsibirin Norderney, amma abin bai tsaya ba.

Duk da haka bai ajiye aiki ba. Da alƙalami ya gagare shi, sai ya koma yin shifta, sakatarensa yana rubutawa. Ta haka ya ci gaba da aikin Kawi, ta haka kuma ya riƙa tsara gajeriyar waƙa mai layi 14 kusan kowace rana, har suka haura dubu. Wannan ya nuna cewa hankalinsa yana nan garau a lokacin da jikin yake ja da baya.

Rasuwarsa

An binne Caroline a lambun gidan Tegel, kuma Humboldt ya mayar da ziyarar kabarinta al'ada. A farkon 1835, kamar yadda masu rubuta tarihinsa suka ruwaito, ya kamu da sanyi a wajen wannan ziyara. Zazzaɓi ya biyo baya, jikin da ya riga ya yi rauni ya kasa ɗauka. Ya rasu ranar 8 ga watan Afrilu, 1835, yana da shekara 67, bayan jinyar da 'ya'yansa da ƙanensa Alexander suka tsaya a kanta. An binne shi kusa da matarsa. Aikin Kawi ya fito a juzu'i uku daga 1836 zuwa 1839, bai ga ko ɗaya a buge ba. Alexander ya rayu har 1859, ya rasu yana da shekara 89.

Idan mai karatu ya lura, karkarwar da ya yi shekara bakwai yana fama da ita ba ita ta kwantar da shi ba. Sanyi ne da zazzaɓi, abin da mai ƙoshin lafiya zai iya warkewa daga gare shi. Wannan ya kawo mu ga tambayar da na yi a farko.

Me Ke Yin Ajalin Masu Cutar Parkinson?

Da farko sai mu san abin da cutar take yi. A can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan yanki mai duhun launi wanda ƙwayoyinsa suke samar da sinadarin dofamin. Wannan sinadari shi ke taimaka wa jiki ya fara motsi ya kuma jeranta shi. A cutar Parkinson waɗannan ƙwayoyi suna mutuwa sannu a hankali, sai motsi ya yi nauyi, gaɓoɓi su sandare, hannu ya riƙa karkarwa, tsayuwa ta rasa daidaito. Binciken Arvid Carlsson na ƙarshen shekarun 1950 da na Oleh Hornykiewicz a 1960 su suka gano rawar da dofamin yake takawa. A 1967 George Cotzias ya nuna yadda maganin lebodofa, wanda jiki ke mayarwa dofamin, yake sassauta alamomin. Har yau maganin sassautawa yake yi, ba ya tsayar da mutuwar ƙwayoyin.

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wannan karin magana ya dace da cutar Parkinson. Ita ce tsagar bangon, abin da ke kisa kuwa yawanci wani ne ya shigo ta wurin.

Na farko kuma mafi yawa shi ne nimoniya, wato ciwon huhu. Haɗiya aiki ne da ke bukatar tsokoki da yawa su motsa cikin sauri, ɗaya bayan ɗaya, domin a rufe hanyar iska kafin abinci ya wuce. Irin wannan jerantaccen motsi shi ne Humboldt ya ce ya gagare shi a yatsu, kuma abin da ya faru a yatsu yana faruwa a maƙogwaro. Sai ruwa ko abinci ko miyau ya riƙa zarcewa cikin huhu tare da ƙwayoyin cutar da ke baki. Mai lafiya idan ya ƙware da ruwa yakan yi tari mai ƙarfi ya fitar da shi. Tarin mai cutar Parkinson ba shi da ƙarfi, wani lokaci ma ba ya jin cewa wani abu ya wuce. James Parkinson da kansa ya ambaci wahalar haɗiya da dalalar miyau a matakin ƙarshe na cutar.

Na biyu shi ne faɗuwa. Ranƙwafawa da sandarewar ƙafa da jirin da ke zuwa idan hawan jini ya sauka lokacin miƙewa, duk suna kayar da mutum, kuma hannunsa ba ya saurin tare ƙasa. Idan ƙashin kwatangwalo ya karye sai doguwar kwanciya, ita kuma takan jawo gyambon kwanciya da daskarewar jini a jijiya da ciwon huhu.

Na uku shi ne ciwon mafitsara da sauran cututtukan da ƙwayoyinsu kan shiga jini su gurgunta sassan jiki. Na huɗu shi ne ruɗewa da mantuwa, waɗanda kan zo wa da yawa bayan shekaru, kuma bincike ya nuna cewa masu su sun fi saurin rasuwa, haka ma waɗanda cutar ta kama da yawan shekaru. Bayan waɗannan, masu cutar suna mutuwa da abin da ke kashe sauran tsofaffi, kamar ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki da sankara.

Ga wasu alƙaluma. A 1967 likitoci biyu a New York, Margaret Hoehn da Melvin Yahr, sun duba ɗaruruwan marasa lafiya na zamanin da babu lebodofa, suka tarar mace-mace a cikinsu ya kusa ninka na tsararrakinsu sau uku, kuma daga farawar cutar zuwa rasuwa kimanin shekara tara ne. Shekara bakwai na Humboldt ba su yi nisa da wannan ba. A 2014 masu bincike a jami'ar Aberdeen suka tattara nazarce-nazarce masu yawa, suka samu cewa ninkin ya kai kimanin ɗaya da rabi. A birnin Sydney na Ostireliya an bi mutum 136 tun daga farkon cutarsu har shekara 20, aka buga sakamakon a 2008. A lokacin 100 sun rasu. A cikin waɗanda suka rage, kashi 87 cikin 100 suna faɗuwa, kashi 35 sun samu karaya, kashi 48 suna ƙwarewa da abinci ko ruwa, kashi 83 kuma sun samu ciwon mantuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 sama da mutum miliyan 8.5 ne suke da cutar, kuma ta jawo mutuwar mutum 329,000 a wannan shekara, wato fiye da ninki biyu na shekarar 2000. Ko wannan adadi ma bai kama kowa ba, domin sau da yawa a takardar shaidar mutuwa nimoniya ake rubutawa, ba a ambaton cutar da ta buɗe mata ƙofa.

Mutum biyu da duniya ta sani sun isa misali. Fafaroma John Paul na Biyu ya yi shekaru da cutar, ya rasu a 2005 bayan ciwon mafitsara ya kai ƙwayoyin cuta cikin jininsa. An gano cutar a jikin ɗan damben nan Muhammad Ali a 1984, ya rayu da ita shekara 32, ya rasu a 2016 bayan an kwantar da shi asibiti da matsalar numfashi, ƙwayoyin cuta suka shiga jininsa. Waɗannan shekaru 32 sun nuna cewa gano cutar a jikin mutum ba sanarwar mutuwa ba ce.

Darasi Ga Ɗaliban Harshe

Abin da ya fi jan hankalina a wannan tarihi shi ne tazarar da ke tsakanin siffantawa da raɗa suna. Humboldt ya ga komai, ya rubuta komai, amma ya sanya abin a ƙarƙashin kalmar tsufa. A zamaninsa wannan bai rage shi da komai ba, tunda babu magani. A yau kuwa kalmar tana da tsada. Idan aka ce tsufa ne, to an rufe magana, ba wanda zai kai tsoho asibiti saboda ya tsufa. Idan aka ce cuta ce, sai a nemi likita. Mutumin da ya koyar da cewa harshe yana tsara yadda muke kallon duniya, rayuwarsa ta zama misalin darasinsa.

Haka kuma sunayen da muke ji a Hausa, irin su cutar karkarwa ko makyarkyata, suna nuna alama ɗaya ce kawai, wadda ido ke gani. Akwai masu cutar da ba sa karkarwa ko kaɗan, akwai kuma masu karkarwar da ba ita ke damun su ba. Abin da ya fi haɗari yana maƙogwaro da ƙafa, inda sunan bai kai ba. Mu da za mu zama masu fassara da malamai da ma'aikatan rediyo, idan aka ba mu bayanin lafiya mu juya, wajibi ne mu tabbata sunan bai ɓoye rabin saƙon ba.

Akwai ma wata sana'a da ta haɗa fanninmu da wannan cuta kai tsaye. Gaɓoɓin furuci da muke zanawa a darasin tsarin sauti, leɓɓa da harshe da hanɗa da maƙogwaro, su ne gaɓoɓin haɗiya. Shi ya sa a asibitoci da yawa masu gyaran magana su ne suke gwada haɗiyar masu cutar Parkinson. Muryar da ta yi ƙasa, da maganar da ta daina fita sosai, da tari a lokacin cin abinci, alamomi ne da kunnen ɗalibin harshe ya kamata ya riga na kowa kamawa.

Ga wanda yake da irin wannan majinyaci a gida, abubuwan da likitoci suke nanatawa ba su da wuya. A ba da magani a kan lokacinsa, kada a yanke shi farat ɗaya, domin yin haka yana da haɗari. A zaunar da shi sosai kafin ya ci abinci, a bar shi ya ci da ƙananan loma ba tare da gaggawa ba. A kula da tsabtar bakinsa. A kawar da abin tuntuɓe a ɗaki da hanyar bayi, a kuma samar da haske da dare. A ƙarfafa masa tafiya da motsa jiki. Idan zazzaɓi ko tari ko ruɗewa ya zo masa kwatsam, a kai shi asibiti a ranar, kada a jira a ga ko zai wuce.

Kammalawa

A wannan maƙala na kawo tarihin Wilhelm von Humboldt, jakada kuma minista, wanda ya kafa jami'ar Berlin, ya kuma bar wa kimiyyar harshe ra'ayoyin da ake muhawara a kansu har yau. Na nuna yadda ya siffanta cutar Parkinson a jikinsa daga 1828 zuwa 1835 yana kiran ta tsufa, da yadda sanyi da zazzaɓi suka ƙarasa jikin da cutar ta raunana. Na kuma bayyana cewa nimoniya da faɗuwa da shigar ƙwayoyin cuta cikin jini su ne manyan hanyoyin da masu cutar suke rasuwa, kuma yawancinsu ana iya rage haɗarinsu da kulawa.

Ranar 11 ga watan Afrilun kowace shekara, ranar haihuwar James Parkinson, ita ce ranar tunawa da wannan cuta a duniya, kwana uku bayan ranar rasuwar Humboldt. Ina ba ƙungiyarmu ta ɗaliban Hausa shawara ta ɗauki wannan rana ta shirya ɗan bayani da Hausa mai sauƙi a kan alamomin cutar da haɗarin haɗiya da faɗuwa, tare da taimakon 'yan'uwanmu na sashen likitanci. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma fassara aikinmu ne. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba masu jinyarsu haƙuri.